Kan Matafiyi: Lin Chong da Hujjar "An Tilasta Ni" a Ƙasar Gobir

Sinawa suna da wata karin magana da suke yi idan zalunci ya kai mutumin kirki maƙura har ya ɗauki makami: sukan ce an kora shi Dutsen Liang. Tushen maganar wani tsohon ƙagaggen labari ne mai suna Shuihu Zhuan, wato Bakin Ruwa, wanda ake jingina wa Shi Nai'an, wasu manazarta kuma su haɗa da Luo Guanzhong. Ana danganta shi da ƙarni na 14, ko da yake bugu mafi tsufa da suka iso hannun mutane na ƙarni na 16 ne. Littafin yana ba da labarin jarumai 108 da suka yi sansani a wani dutse da fadama ta kewaye a lardin Shandong, zamanin Sarki Huizong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1126. Akwai ƙwayar tarihi a ciki, domin an yi wani ɗan tawaye Song Jiang da mutanensa 36, wanda ya miƙa wuya a 1121. Sauran duk aikin masu ba da labari a kasuwa ne da 'yan wasan kwaikwayo, kafin alƙalami ya tattara.

Cikin waɗannan 108 babu wanda karin maganar ta fi dacewa da shi kamar Lin Chong, mai laƙabin Kan Damisa. Shi nake son nazarta, kuma zan karanta shi ne da idon mutumin gabashin Sakkwato, inda kalmar "an tilasta ni" ta daina zama zancen littafi tun da daɗewa. A tsakanin Sabon Birni da Isa, wanda ya ƙone gari da wanda ya yanka makiyayi a kasuwa duk da ita suke kare kansu. Abin da nake nema a wurin Shi Nai'an shi ne ko ya amince da wannan hujja, kuma idan ya amince, iya ina.

Lin Chong malami ne mai horar da dakarun fada, rundunar da littafin ya ce ta kai mutum 800,000, a babban birnin Kaifeng. Yana da albashi, da gida, da mata da yake so. Shugabansa Gao Qiu ɗan zaman kashe wando ne da ya samu muƙamin babban kwamanda saboda ya iya buga ƙwallo a gaban yarima kafin yariman ya hau gadon sarauta. Wata rana ɗan riƙon Gao Qiu ya tare matar Lin Chong a wurin bauta yana mata maganar banza. Lin Chong ya zo a guje, ya fizgo kafaɗar yaron, ya ɗaga hannu zai kai naushi, sai ya ga fuskar ɗan maigidansa. Hannun ya yi sanyi. A ganina wannan hannu da ya tsaya a sama shi ne mabuɗin tauraron gaba ɗaya, kuma marubucin ya nuna gwaninta da bai tsaya yi mana bayani ba. Mutum ne da ya iya lissafi, ya san abin da naushi ɗaya zai ci masa, ya zaɓi ya haɗiye.

Daga nan haƙurinsa ya yi ta tsawo har ya fara ba mai karatu haushi. Amininsa na ƙuruciya, Lu Qian, ya ci amanarsa. Aka sayar masa da wani takobi mai daraja, aka kira shi ya kawo a gwada shi da na kwamanda, aka ja shi har cikin Zauren Farar Damisa inda doka ta hana shiga da makami, aka kama shi da laifin yunƙurin kisa. Aka yi masa bulala 20, aka yi masa zanen fursuna a fuska, aka kore shi zuwa Cangzhou. (Bagobiri zai ji wannan wuri fiye da kowa. A Gobir zanen fuska shaidar asali ce da ake alfahari da ita, ita ke faɗin ɗan wane ne kai. A daular Song ita ke faɗa wa duk wanda ya gan ka cewa hukuma ta fitar da kai daga sahun mutane, kuma ba ta goguwa.) Masu rakiyarsa biyu, Dong Chao da Xue Ba, sun karɓi zinariya don su kashe shi a hanya. Suka ƙone masa ƙafafu da tafasasshen ruwa, suka ɗaure shi a jikin itace a Dajin Aladen Daji. Abokinsa Lu Zhishen ya faɗo daga ɓoye da sandar ƙarfe zai hallaka su, sai ga Lin Chong yana roƙon a bar su, wai umarni aka ba su. Har a wannan lokaci yana ganin zai gama wa'adinsa ya koma gida.

Masu nazari da yawa sun karanta wannan haƙuri a matsayin nagarta tsantsa. Ni ban gamsu ba, saboda wani abu da ya yi kafin ya bar Kaifeng: ya rubuta wa matarsa takardar saki, tana kuka, surukinsa yana roƙonsa kada ya yi. Dalilin da ya bayar shi ne kada ya ɗaure ta da jiran wanda ba a san ranar dawowarsa ba. Amma macen da ɗan kwamanda yake farauta, igiyar aure ita ce katanga ta ƙarshe da ta rage mata, kuma mijinta da hannunsa ya rushe ta. Biyayyar Lin Chong ga hukuma tana da farashi, kuma ba shi kaɗai ya biya ba.

Babi na 10 shi ne ƙololuwar labarin, kuma da wuya a sami babi da ya fi shi tsari a littafin. An ba shi gadin rumbun harawar dawakin soja. Dusar ƙanƙara ta rushe bukkarsa yayin da ya tafi sayen giya, ya fake a wani kangon ɗakin bauta, ya tokare ƙofa da dutse. Cikin dare ya ga rumbun yana ci da wuta. Mutum uku suka tsaya a bakin ƙofar da yake ciki, suna kallon wutar suna hira, har suna shawarar tsintar ƙasusuwansa a kai wa Gao Qiu shaida. Cikinsu har da Lu Qian. Abin da ya karya shi, a fahimtata, lissafi ne irin wanda ya saba: ko ya tsira daga wutar, ƙonewar rumbun soja hukuncinta kisa ne. Babu sauran ƙofa a cikin doka. Ya ture dutsen, ya kashe su ukun, ya jera kawunansu a gaban gunki, ya shanye sauran giyarsa mai sanyi, ya nufi gabas. Tura ta kai bango, kuma babu mai karatun da ba ya tare da shi a wannan dare.

A nan akasarin masu sake ba da labarin suke tsayawa, da 'yan wasan dandamali da masu fim. Shi Nai'an bai tsaya ba. A cikin daren nan, kafin jinin rigarsa ya bushe, Lin Chong ya iske wasu 'yan ƙodago suna jin ɗumi a bukka. Suka bar shi ya sha wuta. Ya nemi su sayar masa da giyarsu, suka ce ba ta ishe su ba. Sai ya sa tsinin mashi ya watsa wa dattijon cikinsu garwashi a gemu, ya fatattake su, ya shanye. Mutumin da ya roƙa wa makasansa rai, ga shi yana ƙona gemun tsohon da ya yi masa alheri, kuma tsakanin abubuwan biyu babi biyu ne kawai.

Da ya isa Dutsen Liang, shugaban 'yan fashin, Wang Lun, ya gindaya masa sharaɗi: ya sauka hanya ya kawo kan mutum cikin kwana uku, shaidar cewa ya yanke hulɗa da duniyar doka. Lin Chong bai yi gardama ba. Rana ta farko babu wanda ya wuce. Rana ta biyu matafiya suka wuce a ayari ɗaya, sun fi 300, bai iya taɓa su ba. Duk wanda ya san yadda motoci suke jiran juna a yi jerin gwano kafin a ratsa dajin Gundumi ya san dalilin da ya sa mutanen nan suke tafiya a dunƙule. Rana ta uku ga wani ɗan dako shi kaɗai da kaya. Ya hango Lin Chong, ya yar da kayan, ya ranta a na kare. Mai kayan, Yang Zhi, ya zo suka gwabza, aka raba su ba wanda ya mutu, aka yafe sharaɗin.

Dabarar marubucin a fili take: ya tsare hannun tauraronsa daga jinin marar laifi don kada ya rasa tausayin mai karatu. Wannan rauni ne, kuma ina ɗaukar sa rauni. Amma ya bar niyyar a bayyane, bai ɓoye ta ba. Kwana uku Lin Chong yana laɓe a bakin hanya yana jiran wanda bai san Gao Qiu ba, bai taɓa jin sunan Zauren Farar Damisa ba, abin da ya tsirar da shi kuma saurin ƙafarsa ne kawai. Ɗan dakon ba shi da suna a littafin.

Gobir ta yau ba ta da Lin Chong sak, amma tana da labarinsa a bakuna biyu. Mafi kusa da mai tsaron doka da ya koma abin nema su ne 'Yan Sa-kai. Daga 'yan banga suka tsiro, manoma da mafarauta da suka ga ana kwashe musu shanu da mata, hukuma ta yi nisa, suka ɗauki bindigar toka. Wanda ya tuna watan Mayu na 2020, lokacin da aka kashe sama da mutum 70 a yini guda a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni, ba zai tambayi dalilin da ya sa suka tashi ba. Sai dai a farkon Oktoba 2021 wasu daga cikinsu suka shiga kasuwar Mamande a Gwadabawa suka kashe Fulani 11, har da limami. Washegari 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Unguwar Lalle a Sabon Birni. Ranar 17 ga watan suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu. Kafin shekarar ta ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan dokar haramta ƙungiyar. Waɗanda suka fara da tsaron gari suka wayi gari su ma doka tana nemansu.

Baki na biyu shi ne na Bello Turji, ɗan yankin Shinkafi da ya shimfiɗa ikonsa har Isa da Sabon Birni, yana aza wa ƙauyuka haraji. Bai taɓa zama ma'aikacin doka ba, amma a hirar da ya yi da gidan talabijin na Trust a 2022 tsarin labarin Lin Chong ya bi daki-daki: an sace dabbobin gidansu, an kashe 'yan uwansa, an kai kuka inda ya kamata ba a share musu hawaye ba. Ba sai na ƙaryata shi ba. Zaluncin da aka yi wa makiyaya a kotuna da ofisoshin 'yan sanda da burtalolin da aka nome sananne ne, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jin Shengtan, babban mai sharhin littafin a ƙarni na 17, ya lura cewa marubucin da Gao Qiu ya buɗe labarin kafin ya kawo ko ɗan fashi guda, don ya nuna ɓarna daga sama take gangarowa. Na yarda da shi. Amma a farkon Disamba 2021, a Gidan Bawa cikin ƙaramar hukumar Isa, an tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka ƙone. Gudun rashin tsaro suke yi. Ba su ne alƙalin da ya ci hanci ba, ba su ne suka kore shanun kowa ba. Su ne ɗan dakon rana ta uku, sai dai a wannan karon babu marubucin da ya ba su ƙafar gudu.

Littafin ya ƙara zurfafa tambayar ta wata fuskar da karin maganar Sinawa ta manta. Ba hukuma kaɗai ke kora mutum Dutsen Liang ba. Zhu Tong shugaban dogarai ne a Yuncheng, mutumin kirki da aka kora zuwa Cangzhou don ya saki abokinsa. Hakimin can ya yarda da shi har ya ba shi renon ɗansa mai shekara huɗu. Zhu Tong ya ƙi shiga 'yan fashi, sai jagororin dutsen suka sa Li Kui ya sace yaron ya fasa masa kai, don hanyar komawa ta toshe. Qin Ming kuma kwamandan soja ne. Song Jiang ya sa wani ya saka sulkensa ya ƙone unguwannin bayan ganuwa, hukuma ta yanka iyalinsa a kan laifin da bai yi ba, ya rasa wurin zuwa sai wurin waɗanda suka ƙulla masa. Dukansu sun zauna, sun ci, sun sha, sun kira Song Jiang yaya. Wannan shi ne sashen da ya fi kama da abin da ƙauyukanmu suke ciki, inda ake tilasta wa gari ya nome gonar ɗan bindiga, ko a sa yaro ya zama ɗan leƙen asiri, daga nan kuma ba shi da fuskar komawa cikin mutane. Daji yana ƙera nasa "tilas" ɗin, kuma ya fi na Gao Qiu rashin imani.

To, me ya sa littafi mai irin wannan ɗaci ya zama littafin jarumtaka a idon jama'a? Amsar tana ga wanda aka ba murya. Mu ma mun san wannan a adabinmu na baka. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta da ɓarayi kiɗa, Muhammadu Gambo Fagada ya yi suna da waƙar ɓarayi, kuma mai sauraro yakan sami kansa yana jinjina wa gwanin sata, domin shi ke da kirari, mai kayan kuwa wawa ne da ya yi barci. A 2021 har waƙar yabon Turji ta zagaya wayoyi. Eric Hobsbawm, a littafinsa na 1969 a kan 'yan fashi, ya gina ra'ayin ɗan fashi mai kishin talaka, ya kuma kafa hujja da Bakin Ruwa. Anton Blok ya mayar masa da martani a 1972 cewa ya dogara da waƙoƙi da tatsuniyoyi, alhali a zahiri ɗan fashi talaka yake ci, manya yake yi wa aiki. Lu Xun ya riga su duka: ya tuna wa Sinawa cewa gatarin Li Kui a filin kisa na Jiangzhou 'yan kallo ya sassara. Dubban mutanen Sabon Birni da Isa da ke zaman gudun hijira a Gidan Rumji cikin jihar Maraɗi za su iya raba gardamar Hobsbawm da Blok ba tare da sun karanta ko ɗaya ba.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa a rufe bakin labarin. Fadar Ming ta haramta Bakin Ruwa a 1642, shekara biyu bayan haka 'yan tawayen Li Zicheng suka shiga Beijing; yunwa da haraji ne suka kawo su, haramcin bai tare kowa ba. A Agusta 2022 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta Nijeriya ta ci tarar Trust naira miliyan 5 a kan shirin da ta yi da 'yan bindiga, hare-hare kuma ba su ragu don haka ba. Abin da nake zargin masu sake ba da labarin da shi daban ne: yankewa a babi na 10. Li Kaixian, a wasansa na Takobi Mai Daraja na 1547, ya wanke Lin Chong tas, ya mai da shi jarumin da ya kai ƙarar azzalumai gaban sarki, ya raya matarsa, ya haɗa su a ƙarshe. Wasa ne mai daɗi, ana yin sashensa na gudun dare har yau, amma ya fi asalin ƙarya.

Saura batun afuwa, wanda ya cinye sulusin ƙarshe na littafin. Burin Song Jiang tun farko shi ne sarki ya yafe musu ya ba su muƙamai. Jin Shengtan ya tsani wannan har ya datse littafin a babi na 70 a bugunsa na 1641, ya rufe da mafarkin an fille kawunansu duka. Yana raye lokacin da Zhang Xianzhong ya karɓi afuwa a 1638 ya sake tawaye a 1639. Mao kuwa a 1975 ta ɗaya gefen ya soki Song Jiang, wai ya sayar da tawaye. Gobir ta san sulhun da ya yi amfani: Sabon Birni kansa ɗan sulhu ne, domin Ɗan Halima, ɗan sarautar Gobir, ya rabu da Tsibiri ya daidaita da Sakkwato ya kafa garin bayan tsakiyar ƙarni na 19, shekaru da dama bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836. Ta kuma ga irin wanda Zamfara ta yi da Buharin Daji a 2016, wanda ya watse, har abokin tafiyarsa Dogo Giɗe ya kashe shi a 2018, kamar yadda Lin Chong ya soke Wang Lun a wurin walima a babi na 19. An sake wani a 2019 zamanin Gwamna Bello Matawalle. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana neman ceto.

Abin da littafin ya gani game da afuwa, wanda Jin Shengtan da Mao duk suka tsallake, shi ne waɗanda ake zama da su a teburin. A babi na 80 mutanen dutsen sun kama Gao Qiu da kansa. Song Jiang ya kwance shi, ya ba shi tufafi, ya zaunar da shi a kujerar girma, aka yi kwanaki ana shagali, domin ta hannunsa ake fatan takardar sarki ta fito. Lin Chong yana cikin zauren. Abin da marubucin ya ba shi a wannan wuri harara ce kawai, cikin jimla guda, sannan aka raka Gao Qiu har bakin ruwa. Afuwar ta zo, aka tura su yaƙar wani ɗan tawayen, Fang La, inda akasarinsu suka mutu. Song Jiang ya sha giyar da fada ta aiko masa da guba a ciki. Lin Chong ya kamu da shanyewar jiki a hanyar dawowa, aka bar shi a wurin bauta na Liuhe a Hangzhou, Wu Song mai hannu ɗaya yana jinyarsa, ya mutu bayan wata shida. Gao Qiu yana kan muƙaminsa har shafin ƙarshe.

Matar kuwa tun a babi na 20 aka gama da ita. Bayan ya sami wurin zama a dutsen, Lin Chong ya aika a ɗauko ta. Ɗan aiken ya dawo ya ce gidan Gao sun matsa mata da maganar aure, ta rataye kanta wata shida da suka wuce, mahaifinta kuma baƙin ciki ya kashe shi. Lin Chong ya zubar da hawaye, marubucin ya ce daga ranar ya cire tunanin gida daga ransa, labari ya koma kan shirin tarbar sojojin Jizhou. Littafin ya kira ta matar Lin, ya kira ta 'yar Malam Zhang, bai faɗi sunanta ba.